Baofeng UV-5R: oba-oba mai araha da ba ta san iyakar lasisinka ba

Ɗan uwa a Jidda ko Makka da ya fara sha'awar rediyon masu sha'awa, wato magana ta rediyo da lasisi ba don kasuwanci ba, zai iya fara cin karo da wannan oba-oba, don ba ta da tsada. Kuɗinka ba zai yi ciwo ba, amma ga sabon mai lasisi tana da tarko.

A kwalinta an rubuta 136 zuwa 174 MHz, da kuma zangon sama mai farawa daga 400. Wannan iyakar abin da na'urar ke iyawa ne, ba izininka ba. Saudiyya, kamar Sudan da Najeriya, tana Yanki na 1 a rabon ITU, hukumar sadarwa ta duniya, inda zangon masu sha'awa da ake kira mita 2 ya tsaya a 144 zuwa 146. A Amurka ya kai 148. Shi ya sa wanda ya kwaikwayi bidiyon Amurkawa ya saka 146.520, lambar da suke haɗuwa a kai don kiran juna, ya riga ya tsallake shinge. A nan lambar kira 145.500 ce. Haka zangon santimita 70: a yankinmu 430 zuwa 440 ne, a can 420 zuwa 450, kuma ko shi kada ka taɓa sai ka gan shi rubuce a lasisin da CST, hukumar sadarwa ta Saudiyya, ta ba ka. Zango da ƙarfin wat da takardar ta ambata su ne naka. Tun kafin biyan kuɗi ma, ka tabbatar hukumar ta amince da samfurin.

Babban aibinta shi ne ba ta hana ka komai. Ka danna 156.800, tashar neman agaji ta jiragen ruwa, za ta aika muryarka, a gari mai tashar jiragen ruwa irin Jidda. Wannan ba abin wasa ba ne, rayukan mutane ne a teku.

Maganin yana cikin manhajar CHIRP, kyauta ce. Ka haɗa oba-obar da kwamfuta da kebul mai baki biyu, ka fara sauke saitinta na asali ka adana. Sannan ka cika tashoshin da aka halatta maka cikin gurabe 128, duk wadda saurare kawai za ka yi ka mayar da saitinta da aka rubuta Duplex a manhajar zuwa off, maɓallin magana ba zai yi aiki a kanta ba. In kwamfuta ta ƙi ganin kebul ɗin, galibi guntun lantarkin da ke cikinsa jabun na kamfanin Prolific ne, nemi kebul mai guntun kamfanin FTDI. In kuma ta gani amma saƙo ya yanke, bakin ne bai shige sosai ba, danna shi har ya zauna.

Ga mai saitawa da hannu: a yanayin VFO, wato inda ake danna lambar zango kai tsaye, menu 1 na tazarar tashoshi ka zaɓi 12.5K. Don shiga na'urar maimaita saƙo, wadda ke karɓar muryarka ta sake aika ta nesa, a menu 25 ka zaɓi alamar ragi, a menu 26 ka saka 00.600, a menu 13 kuma sautin CTCSS, wato sautin da ke buɗe na'urar, wanda masu ita suka ba ka. Idan kana jin mutane su ba sa jinka, mai yiwuwa sautin nan ne ka manta.

Wajen ji tana da rauni. A tsakiyar gari siginoni masu ƙarfi na toshe mata kunne, in ka ɗaura mata babbar eriyar saman bene abin ƙaruwa yake. A fili cikin sahara kuwa tana yin abin kirki. Gajeriyar eriyar roba da take zuwa da ita ba ta taka kara ta karya ba, sanya mai tsawon kusan santimita 40, mai irin bakin ɗaurawa da ake kira SMA mace. Batirinta mai 1800 mAh yana wuni in saurare ya fi yawa, amma kada a bar shi cikin mota a zafin Makka, kumbura yake.

Don koyo da saurare ta isa. Wanda zai riƙa magana kullum, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki oba-obar Yaesu FT-65, ta fi tsabtar sigina da kaifin ji.