Tandar gasa fenti: wasiƙa zuwa ga Kawu daga Ohayo

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa, ya aiki, ya yaran gareji, ya zafin Birnin Kebbi? Ka tambaye ni a waya yadda masu sana'armu ta fentin mota suke aiki a nan Kolombus, jihar Ohayo ta Amurka, na ce sai na zauna na rubuta, domin maganar ta fi ƙarfin kiran minti biyar.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon mai walda. Ran nan ya kira ni garejin gidansa, ya buɗe wata tsohuwar tandar girki ta lantarki, ya zaro murfin inji ja wur yana sheƙi. Da ya huce na sa farce na karta, ko gezau. Kawu, shekara shida na yi ina riƙe maka bindigar feshi, ban taɓa ganin fenti ya kama ƙarfe haka ba.

Fentin gari ne busasshe, laushinsa kamar hoda, ba a dama shi da tina, ruwan nan na tsinka fenti. Bindigar tana ɗora wa garin cajin lantarki, shi kuma ƙarfen an maƙala masa wayar da ke sauke caji zuwa ƙasa, sai garin ya manne masa kamar yadda ƙurar hunturu take manne wa gilashin talabijin. A wannan hali ko hura shi ka yi zai tashi. Sai an sa shi a tanda, zafi ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin da muka saba da shi (su a nan 400 suke cewa a nasu ma'aunin), garin ya narke, ya malale, ya daskare ya zama fata guda. Minti 10 zuwa 20 ake ba shi, amma ba daga lokacin da ka rufe ƙofa ake ƙirgawa ba, sai daga lokacin da ƙarfen kansa ya ɗauki zafin. Nan ne sababbin hannu suke faɗuwa: wili mai kauri yana jimawa bai yi zafi ba, a fito da shi da wuri, bayan wata biyu fenti ya fara ɓarewa.

Mutanen nan suna da dalilin damuwa da ƙarkon fenti. Da sanyi gishiri ake watsawa a titi don ƙanƙara ta narke, gishirin kuwa cin ƙarfe yake yi. Tsatsar da na gani ƙarƙashin motocin garin nan ba a ganin irinta a gida.

Kaya a nan suna da araha, hannun mutum ne da tsada, akasin namu. Garin fenti ka saya ta intanet a kawo maka har ƙofa, kowane launi. Bindigar kuwa kamfanoni irin su Eastwood da Harbor Freight suna sayar da ƙanana don masu aikin gida. Amma ka kai wili huɗu shago a yi maka, abin da za a caje ka ya fi kuɗin bindigar nesa ba kusa ba, ga jiran layi. Shi ya sa mutane suke haɗa tandarsu. Tsohon nan yanzu yana gina babba wadda za ta ɗauki firam ɗin babur: akwati ne na faranti ciki da waje, tsakani ya cusa audugar dutse mai riƙe zafi, ya cire ƙarafan dumama daga tsofaffin tanduna, ya sa fanka mai juya iska da 'yar na'urar da ke kunna wuta ta kashe da kanta in zafi ya kai. Na duba waldarsa da kyau. Wallahi ba ta fi ta yaranmu masu haɗa ƙofofi da tandar burodi ba.

Inda suka fi mu shi ne wuta. Kowane ƙarfen dumama yana jan kilowat 2 zuwa 3, babbar tanda tana son uku ko huɗu, ƙaramin janaretanka ba zai ɗauka ba. In kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, aiki ya lalace. Na kwana ina juya wannan a raina. Ina ganin gas ne hanyarmu, amma a yi ta akwati cikin akwati, harshen wuta a ƙasa, kada ya ga kayan ko hayaƙi ya taɓa su. Feshin ma a yi shi nesa da tandar, domin garin nan in ya tashi a iska yana kama wuta. Kuma tandar da aka gasa fenti a cikinta ta bar abinci har abada, kada wani ya sa burodi ko masa a ciki.

Ba kowane aiki zai karɓa ba. Jikin motar da ya sha poti, abin da ake cike lotsawa da shi, ka bar shi da feshinka na kullum, poti ba ya jure wannan zafi. Roba, boris, taya, duk sai an cire. Ƙarfen kuma sai an kankare shi fes, ba tsatsa ba maiƙo. Su da yashi suke harba shi, mu sai mu dage da samfefa. Ka fara da kayan babur da Keke Napep, wili da kariyar ɗora kaya da sitan na jingina babur, waɗanda 'yan kabu-kabu na hanyar Jega da Argungu suke kawo maka kullum a goge.

Na ajiye kuɗin bindiga ɗaya da gari baƙi da ja, zan ba mai zuwa gida bayan Sallah, in Allah ya yarda. Kafin nan ka auna min faɗin wili mafi girma da kake samu, ka turo, in zauna da tsohon mu fitar da girman akwatin. A gaida Inna da su Yaya.