Shagon hayar keke a Girona: keken ba magana, amma ku yi hattara da "hanya mai sauƙi"

Jama'a duk wanda yake zaune a Basalona ko kewayenta kuma hayaniyar gari ta ishe shi, ga bayanin wani shagon hayar keke da na yi hulɗa da su a Girona, eh Gironar nan dai ta Laliga da ta ƙare a ta uku a kakar 2023/24 ta bar mutane baki buɗe. Ba zan kama sunan shagon ba tunda akwai ƙorafi a ciki. Daga tashar Sants ta Basalona jirgin ƙasa mai gudu bai cika minti 40 ba ya sauke ka, shagon kuma yana cikin tsohon gari, da ƙafa ma za ka ƙarasa. Garin nan keke ya zama sana'a, ƙwararrun 'yan tseren keke daga ƙasashe daban daban nan suke zama, kowane wajen shan kofi ka leƙa sai ka ga kekuna jingine a bango, wani guda ɗaya kuɗinsa ya sayi mota.

Iri biyu suke bayarwa na shiga daji. Akwai keken hawan dutse mai ƙatuwar taya da shokozoba, akwai kuma wanda ni nake kira keken burji, kansa lanƙwasasshe irin na 'yan tsere amma tayar ta fi kauri kuma tana da haƙora, an yi shi ne don hanyar tsakuwa da turɓaya. Shi na ɗauka, kusan yuro 50 a rana, da hular kwano da famfo da 'yar jakar kayan faci. Gaskiya a nan sun burge ni. Bakaniken shagon bai miƙo min keke kawai ya ce Allah ya kiyaye hanya ba, sai da ya auna tsayina ya ɗaga sirdi ya sauke ya sake ɗagawa, ya sa na zaga layin na dawo, ya tambaye ni nauyina sannan ya rage iskar taya, wai in ta yi tauri da yawa a kan tsakuwa keken zai yi ta tsalle ne yana zamewa. Tayar ba ta da tub, wani farin ruwa ne a ciki, in ƙaya ta huda sai ya fito ya toshe wajen da kansa. Na ga aikinsa da idona, muna cikin tafiya naji fssss, ruwan ya ɗan fesa min a ƙafa, kafin in taka birki har ya daina, ko sauka ban yi ba. Birkin kuwa da yatsa ɗaya kake kama shi, giya tana shiga ba ƙara, sarƙa fes da ita.

Ranar da na tafi ni kaɗai hanyar da ake kira Carrilet suka ɗora ni, kuma ita zan ce kowa ya fara da ita. Tsohon layin dogo ne da ya haɗa Girona da Sant Feliu de Guíxols a bakin Bahar Rum, an buɗe shi a 1892 aka rufe a 1969, daga baya aka cire ƙarafunan aka daɓe shi ya zama hanyar keke da masu tafiyar ƙafa, kusan kilomita 40. Tunda jirgi ba ya son tudu, hanyar kusan a shimfiɗe take, za ka bi ta Quart da Cassà de la Selva da Llagostera, gonakin alkama da tsofaffin gidajen dutse na manoma, wasu tsofaffin tashoshin jirgin suna nan har yanzu, sai can ƙarshe ka gangara ka ji ƙamshin teku. Na haɗu da tsofaffi da yara a kanta, har da wata baiwar Allah tana jan ɗanta a 'yar amalanke a bayan keke. Wannan kam sauƙi ne na gaske.

Matsalar a fitar rukuni take, wacce ake biyan ƙarin kuɗi a ba ku jagora. A shagon na tambaya ƙarara, na ce ni fa ba ɗan tsere bane, matar da ke kan kanta tayi murmushi tace ai hanyar yau mai sauƙi ce, yawo ne kawai. To yawon nan shi ne muka fita ta kwarin Sant Daniel muka kama hawan duwatsun Gavarres har Els Àngels, wani coci a kan tsauni mai tsayin mita 480 da wani abu, ta hanyar daji mai tsakuwa wacce in ka miƙe tsaye kan feda tayar baya sai ta murza a banza, dole ka zauna ka yi ta niƙa a ƙaramar giya. Sau nawa ina hango ginin ina cewa alhamdulillahi an iso, sai hanya ta sake karyawa cikin itatuwa, hangen Dala ba shiga birni ba. Sauran 'yan rukunin Turawa ne 'yan Holan da Ingila masu cinyoyi a murɗe, suna hawa suna hira abinsu, ni kuwa numfashi ma da ƙyar. Su a wajensu mai sauƙi na nufin sauƙi ga wanda yake cin kilomita ɗari duk ƙarshen mako, kuma ba wanda ya tsaya ya tambaye ni yaushe rabona da keke kafin a karɓi kuɗina. Wannan laifin shago ne, don in da sun raba rukuni biyu da kowa ya ji daɗi.

Shi dai jagoran Allah ya saka masa, saurayi ne ɗan yankin, sai ya kai na gaba wata mararraba ya ce su jira ya dawo ya taho da ni, bai taɓa ɓata fuska ba. Kuma ya san dajin nan ciki da bai. Shi ya tsayar da mu ya nuna mana itatuwan da ake yin murfin kwalba da ɓawonsu, Gavarres cike take da su. Za ka ga itace daga ƙasa zuwa wajen ƙirjin mutum ja wur, kamar ragon layya da aka feɗe rabi aka bari, daga nan zuwa sama kuma ɓawo mai kauri toka toka duk ya tsattsage. Da gatari ake ɓare shi lokacin zafi, itacen ba ya mutuwa, sai a bar shi shekara goma sha wani abu ya sake yin wani. Na ɗauki guntu a ƙasa na matsa da babban yatsa ya lotsa ya dawo, ba nauyi ko kaɗan. Ashe wannan sana'ar ce ta raya su Cassà da Palafrugell, ita ce ma babban kayan da wancan jirgin yake ɗauka zuwa tashar ruwa. Daga saman kuma kana hango filin Empordà har teku, ta arewa ga duwatsun da suka raba Sifaniya da Faransa. Gangarowa zuwa Madremanya da Monells ita ta biya ni wahalata, ƙauyuka ne na dutse zalla masu lunguna, Monells da dandalinta mai rumfunan dutse, inda muka zauna na miƙe ƙafafu.

Abinci kuma ku saurara da kyau. Cikin kuɗin fitar akwai ɗan abin taɓawa, na rubuta musu tun wajen yin rajista cewa ba na cin alade, da aka buɗe jaka burodi ne da naman alade busasshe kowa da nasa har da ni. Jagoran ya ji kunya sosai, saƙon ne bai iso shi ba daga shago, a Monells ya saya min wainar ƙwai da dankali da burodin nan nasu da ake goga wa tumatir a zuba man zaitun, da kuɗin aljihunsa ma ina zato. Don haka ku riƙe dabinonku da ayabarku, ko ku biya ta Salt da ke manne da Girona, akwai shagunan halal birjik na 'yan Maroko da 'yan Gambiya. Sallah kuwa ba matsala, na ce masa minti biyar, ya ce in ɗauki goma, na yi azahar a gindin zaitun su suna ɗaukar hoto can gefe.

Abu biyu da shagon ya faɗa min kuma gaskiya ne: lokacin zafinsu na tsakiyar shekara in haɗarin gobara ya yi yawa hukuma tana rufe shiga dajin gaba ɗaya har da masu keke, to ku duba kafin ku biya kuɗin jirgi, sannan daga kaka zuwa hunturu maharba suna farautar aladen daji, in kun ga allonsu a bakin hanya ku juya kawai kar ku ce za ku ratsa. Ni watan Afrilu da Mayu na fi so, sai dai wajen lokacin ne ake babban tseren burjin nan na Traka, gari yana cika maƙil kekunan haya su ƙare, sai an kama tun da wuri ta intanet.

Zan koma in karɓi keke a wajensu, wannan ba shakka, amma fitar rukuni sai in sun nuna min taswirar hanyar da yawan hawan da ke cikinta a rubuce. Kuɗin ajiyar da suka riƙe a katina kuma sai da ya kwana biyu kafin ya dawo, har sai da na kira su a waya.