GC-MS ko LC-MS/MS: kafin ka biya kuɗin gwajin samfur

Ɗaliban digiri na biyu a Aliero da Birnin Kebbi, da 'yan kasuwar da ke son fitar da wake ko gyaɗa waje, duk tambayarsu ɗaya: wace na'ura za a kai wa samfur? GC-MS da LC-MS/MS na'urori ne na gano sinadaran da ke cikin samfur, kuma dukkansu caji suke sa wa ƙwayoyin sinadari su auna nauyinsu. Hanyar shigar samfurin ce ta bambanta.

Ni dai LC-MS/MS nake zaɓa. Ruwa ne ke ɗauke da samfurin, a fesa shi da lantarki mai ƙarfi, dabarar da ta samo wa John Fenn kyautar Nobel a 2002. Ba sai an mai da shi tururi ba, don haka abin da ba ya jure zafi yana isa lafiya: dafin aflatoksin na gyaɗa da masara, magungunan asibiti, da yawancin abin da ke cikin jiƙon sabara ko zogale. Tana ware ƙwaya ɗaya, ta fasa ta, ta sake auna gutsattsarin, shi ya sa da wuya ta yi kuskuren suna. Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da aflatoksin B1 ya wuce maikirogiram 2 a kilo, kuma na'urar nan tana ganin ƙasa da haka. Akwai tsada, amma ta ci kuɗinta.

GC-MS ta fi sauƙin kuɗi, sai dai abin da ke tururi kawai take gani, kamar fiya-fiyar da ta sa Tarayyar Turai ta hana wakenmu shiga a 2015. MALDI-TOF kuwa, wata na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, a bar wa masu gano ƙwayoyin cuta.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Wani ɗakin gwaji ya taɓa dawo mini da jerin sunaye reras, wai sinadaran ganye ne. Da na duba, rabinsu silokzen ne, wato sinadarin da ke zubowa daga bututun na'urar, sauran kuma dattin roba. Wasu ma ba sa kunna na'urar sam: sakamakon wani ɗalibi suke canza wa suna su miƙo maka. Don Allah, ɗan'uwa, kada ka karɓi takarda tsura. Nemi ainihin fayil ɗin na'urar mai kwanan wata da lambar samfurinka. Ka ce a nuna maka gwajin ruwan da aka narkar da samfurin a ciki, shi kaɗai ba samfur, da makin dacewar kowane suna da taskar NIST, wato kundin bayanan sinadarai da ake kwatanta sakamako da shi. In sun ba ka adadi, tambaye su da wane tataccen sinadari suka gwada. Wanda ya fara kame-kame a nan, ɗauke samfurinka ka yi gaba.