Gida ko asibiti: ina Baba zai fi samun sauƙi a kwanakinsa na ƙarshe?

'Yar'uwarmu ta yi tambaya mai nauyi. Mahaifinsu yana kwance a asibiti da ciwon daji da ya bazu, likitoci sun ce maganin warkarwa ya ƙare, sai dai a lallaɓa shi. Shi yana ta cewa a mai da shi gida, yayyenta maza kuma suna ganin fitar da shi tamkar an fid da rai da shi ne. Tana so a kwatanta mata biyun. Allah ya sassauta masa, 'yar'uwa. Na yi jinyar namu mahaifin a wuraren biyu, mako uku a asibiti, wata biyu a gida, zan gaya miki abin da idona ya gani.

Ki fara duba maganar ciwo, don ita ce ke raba gardama. A asibiti allura tana kusa, idan ya yi nishi cikin dare akwai wanda za a kira. A gida kuwa, sauƙinsa ya rataya ne a kan maganin da kuka fito da shi. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara maganin ciwon daji hawa uku: a fara da irin su farasitamol, in bai ɗauka ba a hau na tsakiya, in ya tsananta a ba da mofin. Ƙa'idar ita ce a sha ta baki, kuma a bi agogo, kada a jira sai ya fara juyi yana cije leɓe. Mofin na ruwa galibi duk bayan awa 4 ake ba da shi. Mu mun ji tsoronsa da farko, mun ɗauka shi zai gaggauta tafiyarsa, har muka riƙa jinkirta lokacin shan, kuma har yau ina jin zafin daren da muka bar shi ya sha wahala a banza. Idan likita ne ya auna, yana kuma ƙarawa sannu a hankali, mofin ciwon yake kashewa. Abin da yake jawowa kusan kullum shi ne taurin bayan gida, don haka a karɓo maganin sassauta ciki tare da shi. Ba sabon abu ba ne a yi wannan a gida: a Uganda, tun 1993 da Dokta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda, ƙungiyar jinyar masu ciwon ajali, ake kai wa majinyata mofin na ruwa har ɗakunansu. Amma in aka ce ba za a ba ku maganin ku tafi da shi ba, ko ya daina iya haɗiya kuma babu mai zuwa yi masa allura, to asibiti ya fi masa, kada kowa ya ja da wannan.

Wajen kula da jiki, bambancin bai kai yadda ake zato ba. Ma'aikaciyar jinya ɗaya tana da gadaje da yawa a wuyanta, sau da yawa juya shi da sauya masa kaya a hannunku zai faɗo ko a can ɗin. Mai dogon kwanciya ana juya shi kamar duk bayan awa 2, a duba dunduniya da ƙugu da ƙasan baya. In kin ga fata ta yi ja ko ta yi duhu, kin danna kuma ba ta washe ba, gyambo ne ke shirin fitowa, a ɗauke nauyi daga wurin da matashi. A shimfiɗa zane a ƙarƙashinsa mutum biyu su kama su juya shi, kada a ja shi ta hannu. Abin da gida ya fi da shi a nan shi ne sutura. Uba ne, ya yi shekaru shi ke rufa wa kowa asiri. Ku tambaye shi wanda yake so ya riƙa yi masa wanka da tsarki. Namu ƙanina ya zaɓa, ba babban yayanmu ba, kuma ba wanda ya ce don me.

Dare ne ke gwada gida. Da rana ɗaki cike yake da masu gaisuwa, kowa na cewa a kira shi in ana bukata. Ƙarfe 2 na dare sai ki ga mahaifiyarku ce kaɗai, ko ke. Wannan ne wurin da asibiti ya yi wa gida nisa, ba na kuma ɓoye miki. Kafin ku fito da shi, a zauna a rubuta wa ke kwana ran Litinin, wa ke kwana ran Talata, wa ke sayo magani. Yayyen nan da ke cewa a bar shi a asibiti, wataƙila tsoron wannan nauyin ne ke cin su, ba rashin tausayi ba. A yi maganar a fili. In mutum ɗaya za a bar wa komai, cikin mako biyu za ku sami majinyata biyu a gida ɗaya.

Batun ci da sha, kuskure iri ɗaya muke yi a wuraren biyu. A asibiti mu matsa a sa masa ƙarin ruwa, a gida mu matsa masa da cokali. Jikin da ya kusa tafiya da kansa yake rage bukata. Ba yunwa ce ke kashe shi ba, ciwon ne ya ɗauke masa sha'awa. Ƙarin ruwa a wannan lokaci yakan taru a ƙafafu ko a ƙirji ya ƙara masa wahalar numfashi, ɗura abinci kuma yana iya sa ya ƙware ya shiga huhu. A ba shi abin da ya nema, gwargwadon yadda ya karɓa. In ya daina, a riƙa jiƙa masa baki da auduga, a shafa masa mai a leɓe. Ni wannan ya fi yi mini wuya a kan komai, don hannuna ya saba nuna ƙauna ta hanyar miƙa masa kwano.

Sai abin da asibiti ba ya iya bayarwa: gadonsa, tagarsa, muryar jikoki a tsakar gida, barcin da ba a tashe shi don gwaji ba, baƙon da ba a ce masa lokacin ziyara ya wuce ba. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa ciwon mai barin duniya ba na jiki kaɗai ba ne, har da fargaba da tunanin iyali da abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa. Shekara biyu bayan buɗewar suka fara bin majinyata gidajensu. A gida ne Babanmu ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya faɗi abin da yake son faɗa. A ɗakin da ke da gado takwas da labule ba zai yi ba, na san halinsa.

Ki kuma shirya wa kwanakin ƙarshe tun yanzu, don a nan ne iyalai da yawa ke rikicewa su ɗauke shi a mota a guje. Barci zai yawaita, ƙafafu su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, wani lokaci a ji kakari a maƙogwaro. Kakarin ya fi damun masu ji a kan shi mai yi, a kwantar da shi ta gefe a ɗan ɗaga kansa. Abin da ya kamata a kira likita a kai shi ne ciwon da ya ƙi jin magani, ko jijjiga, ko zubar jini, ko fitsari ya tsaya mara ta kumbura yana ta fizge-fizge. Ku ci gaba da yi masa magana a hankali ko ba ya amsawa, ana kyautata zaton yana ji.

In ni ce ke, zan mai da shi gida, tunda shi ya nema kuma yana cikin hayyacinsa. Amma ba zan motsa ba sai maganin ciwo na hannuna da rubutaccen bayanin yadda ake ba da shi, da lambar likita ko ma'aikaciyar jinya da za ta amsa da dare, da sunayen masu kwana. Ki tara yayyenki a bakin gadonsa gobe, ki bari su ji daga bakinsa, sannan ku shiga wurin likita tare.