Hattara da masu tallan ɗanyen gwal da daiman a gefen tasha

Jama'ar Katsina, a yi hankali. Akwai masu tare mutum a bakin tasha ko hanyar Babbar Kasuwa da 'yar kwalba ƙunshe a leda, su ce gwal ne daga wajen haƙa a Zamfara, matsi ya sa za su karyar da shi. Wasunsu fararen duwatsu suke fitarwa su ce daiman ne. Hujjarsu guda: su karta abin a jikin gilashi, ya bar zane, su ce "Alhaji, ka gani da idonka."

Wannan zanen shi ne ke tona musu asiri.

Akwai ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, kuma mai lamba babba shi ke karce na ƙasa da shi. Farcen mutum 2.5 ne, gwal da azurfa 2.5 zuwa 3, jan ƙarfe 3, gilashi da bakin wuƙa wajen 5.5. To ta yaya gwal zai karce gilashi? Abin da ke cikin kwalbar galibi farayit ne, dutse mai ƙyallin rawaya da taurinsa ya kai 6 zuwa 6.5. Ɗauki ƙwaya ɗaya ka danna mata tsinin allura: gwal zai lotsa, farayit ko gezau. Buga shi da guduma a kan ƙarfe, gwal ya baje, farayit ya farfashe ya zama gari. Goga shi a bayan tayil mara sheƙi, zanen gwal rawaya ne, na farayit baƙi-baƙi mai ratsin kore.

Inda gwajin karce ke gazawa shi ne tagulla da aka sha wa ruwan gwal, don taurinsu ya yi kusa. Nan sai nauyi. Giram 20 na tsantsar gwal da ƙyar yake ɗaga ruwa mililita 1 a cikin sirinji, tagulla ta haura 2, farayit kusan 4. Kada kuma ka yarda mai kayan ya zaɓa maka ƙwayar da za a gwada, ta sama sau da yawa ta gaske ce.

Batun daiman ya fi sauƙi. Lambarsa 10, amma dutsen ƙanƙara da ke zube a rafi 7 ne, shi ma yana yanka gilashi sarai. Daiman na karce yaƙutu mai lamba 9, ƙanƙara ba ta iyawa. Kada a gwada shi da guduma, tauri ba ya hana shi tsagewa.

Kafin ka tura ko sisi, ka ce a je wajen maƙerin zinaren da kai ka zaɓa, ya goga a dutsen gwaji ya ɗiga asid. In ya fara cewa motarsu za ta tashi, ƙyale shi ya hau.