Wii ko Kinect, wanne za a aiko wa Hajiya?

Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya ya sa kaffara ne. Kin ce wata uku ke nan da ta samu shanyewar ɓarin jiki, hannun hagu ya fara motsi amma yatsu ba sa riƙe abu, kuma Yaya da ke Amurka yana tambaya cikin na'urorin wasan bidiyo Wii zai aiko ko Kinect don ta riƙa atisaye a gida. To a yadda kika kwatanta hannun nata ni Kinect zan ce, amma ki ji dalili kar ku kashe kuɗi a banza.

Wii na kamfanin Nintendo ne, ya fito a 2006. Rimot ake riƙewa a hannu, a cikinsa akwai ɗan na'urar da ke jin motsi da saurinsa, wato abin da ya sani kawai shi ne rimot ya motsa, bai san ya aka yi ya motsa ba. Matsala biyu ke nan ga mai shanyewar jiki. Ta farko dole sai an riƙe shi a kuma danna maɓalli, ke kuma kin ce yatsun ba sa kamawa, ko an ɗaura igiyar a wuyan hannu dannawar na nan. Ta biyu kuma ana iya yi masa wayo, mutum ya ɗan kaɗa wuyan hannu kawai wasan ya ba shi maki kamar ya ɗaga hannun gaba ɗaya, yara ma sun san wannan. Inda Wii ya yi fice shi ne allon da ake takawa na Wii Fit, yana da ma'aunin nauyi a kusurwa huɗu, yana nuna wace ƙafa mutum ya fi dogara a kai, kuma masu irin wannan lalura yawanci suna jingina nauyinsu kan ƙafar mai lafiya ba su ma sani ba. In matsalar tsayuwa ce da tangaɗi, wannan allon yana da amfani.

Kinect kuwa na Microsoft ne, 2010 ya fito don amfani da akwatin wasa na Xbox 360, kyamara ce mai auna nisa, ba a riƙe komai. Samfurinsa na farko yana bin gaɓoɓi 20 a jiki, na biyun 25, don haka yana ganin kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu lokaci ɗaya. Wannan shi ne babban bambancin, domin mai shanyewar jiki in ya kasa miƙa hannu sai ya sunkuyo da ƙirji ko ya ɗaga kafaɗa ya kai ga abin, ya ga kamar ya yi nasara alhali gwiwar hannun ba ta miƙe ba, in ya saba da haka gyarawa sai an sha wuya. Kyamara na iya kama wannan, rimot ba ya iyawa. Sai dai fa ba gwani ba ne a ƙananan motsi, wani bincike da aka yi a Newcastle ta Ingila kan masu cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki ya nuna yana auna manyan motsi kamar tashi daga kujera da kyau, amma damƙe hannu da buɗewa ba ya auna su daidai. Ke nan kafaɗa da gwiwar hannu za su amfana, yatsu sai dai a koma ga tsintar wake da ɗaura maɓallin riga. Yana kuma son fili wajen mita biyu tsakaninta da talabijin, kuma zumbulelen hijabi ko kujerar guragu kan rikita shi.

Batun tallan da ake yi cewa wasannin na tafiya "daidai da mutum", wato gwargwadon ƙarfinsa, gaskiya wasannin kasuwa na duka biyun don masu lafiya aka yi su, suna da sauri, tsohuwa ta faɗi sau uku a jere ta ce a kashe mata abin nan. Wanda ke auna iya inda hannu ke kaiwa yau ya sa abin taɓawa ɗan gaba kaɗan gobe, manhaja ce ta musamman da ake haɗawa da kwamfuta, likitan fisiyo, wato na gashi, ke saita ta, kuma Kinect aka fi ginawa irinsu a kai. Ki tambayi Yaya ko da ita zai haɗo, in akwatin wasa ne kawai ku rage buri.

Wani abu da ya kamata ki sani, a 2016 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Kanada da Ajantina da Peru da Tailan da mutum 141 masu shanyewar jiki, duka suna zuwa gashi, rabi aka ƙara masu Wii rabi kuma kati da ƙwallo da makamantansu, bayan sati biyu duka sun samu sauƙi kuma babu wani bambancin kirki tsakaninsu. Yawan maimaita motsi ne ke sa ƙwaƙwalwa ta buɗe sabbin hanyoyi, na'urar dai tana rage gundura ne ta sa a daɗe ana yi. Don haka kar a daina zuwa asibiti saboda kaya sun iso.

Duka biyun an daina ƙera su, Kinect na Xbox tun 2017, na hannu zai samo, ya gwada kafin ya aiko. Kuma kayan Amurka wutar 120 suke ci tamu kuwa 230, ki tanadi abin rage ƙarfin wuta kafin ki jona. In ta fara, a zaune tukuna, wani na tsaye ta ɓarin da ya shanye, kar a ja mata hannun domin kafaɗar na saurin gocewa, a kuma auna hawan jininta kafin a fara. Ki nuna wa likitan fisiyon nata wasannin ya zaɓar mata biyu ko uku ya faɗi minti nawa za ta yi.