Gargaɗi ga masu son dasa fulumeriya: a yi hattara da tallan "shuɗin iri" a intanet

Tun da sha'awar ƙawata gida da furanni ta ƙaru a biranenmu, wasu sun mayar da tallan iri da rassan fulumeriya hanyar cin kuɗin jama'a. Fulumeriya ita ce itaciyar nan mai kaurin reshe da ƙamshin da ke tashi da daddare, wadda masu lambun furanni suka fi kira firanjifani. Tallan yana yawo a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp, kuma salonsa bai cika canzawa ba: hoton fure shuɗi, ko baƙi wuluk, ko mai launukan bakan gizo, sai a rubuta a ƙasa cewa daga waje aka shigo da irin, saura kaɗan ya ƙare, mai so ya tura kuɗin kaya haɗe da kuɗin mota. Waɗanda aka fi nufa da wannan talla su ne sababbin shiga, waɗanda ba su taɓa riƙe irin fulumeriya a hannunsu ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne babu fulumeriya shuɗiya, babu kuma baƙa. Asalin itaciyar daga Meziko ne da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan, kuma launukan da take bayarwa sun tsaya a kan fari da rawaya da ruwan hoda da ja da ruwan lemo, ko gaurayensu a fure ɗaya. Manoman Hawayi da Tailan sun daɗe suna haɗa nau'i da nau'i, har ma akwai ƙungiyar Plumeria Society of America da aka kafa a birnin Houston na Amurka a 1979, wadda take rajistar sababbin nau'o'i, amma iyakar abin da aka kai gare shi shi ne ruwan hoda mai ɗan karkata zuwa shanshanbale. Hoton shuɗin fure aikin kwamfuta ne. Wanda ya saka hoton a manhajar binciken hoto ta Google Lens sau da yawa zai tarar da shi a shafuka daban-daban, furen nan ɗaya, a wani wuri fari, a wani wuri shuɗi.

Mafakar ɗan damfara a wannan harka ita ce tsawon lokaci. Fulumeriyar da aka shuka daga iri takan ɗauki shekara uku ko fiye kafin ta yi furen farko, saboda haka kafin mai saye ya gane an cuce shi, lambar wayar ta daɗe da daina shiga, shafin kuma an goge shi ko an sake masa suna. Bayan wannan akwai wata gaskiya da ko mai sayar da iri na ƙwarai ba zai iya kauce mata ba, wato ɗan da ya fito daga iri ba lalle ne ya gaji launin uwarsa ba. Ana iya ɗebo iri daga itaciya mai jan fure a samu fari ko ruwan hoda. Duk wanda ya ɗaura launi a kan ƙunshin iri, ya kuma ba da tabbacin haka za a gani, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani yana yaudara ne. Shi kansa irin yana da kamannin da ake gane shi da su: fale-fale ne, ruwan ƙasa, da fiffike siriri a gefe ɗaya, kuma yana fitowa ne daga dogayen kwafsa biyu da ke haɗe a gindi. Idan abin da aka aiko maka 'yan ƙwayoyi ne mulmulallu irin na alayyafo, ba sai ka wahalar da kanka da shuka ba.

Damfarar rassa ta fi ta iri wuyar ganewa, musamman a lokacin hunturu, lokacin da nau'in da ya fi yawa a gidajenmu yake kaɗe ganyensa ya koma sanduna tsirara. A wannan yanayi ne ake cusa wa mutum reshen bini da zugu, ko aguwa, ko ma karan rogo, a naɗe a jarida, a ce ya dasa ya jira damina. Reshen fulumeriya na gaske yana da kauri, aƙalla kamar babban yatsa, launinsa tsakanin toka-toka da kore, jikinsa da tabon wuraren da ganye ya faɗi, kansa kuma a dunƙule yake da 'yan ƙananan tohon da ba su buɗe ba. Idan aka ɗan karce shi yakan fitar da farin ruwa mai kauri irin na tumfafiya. Bini da zugu ruwansa tsararo ne mai yauƙi, rogo kuma gaɓoɓinsa a tashe suke, tsakiyar karansa da laushi. Sai dai kada a dogara da farin ruwan kaɗai, domin aguwa ma tana da shi, tinya kuma nata yana ƙona fata, yana iya yi wa ido mummunar illa. Ya kamata kuma a matsa reshen a hankali daga sama har ƙasa, domin wanda ya yi laushi, ko bakin yankansa ya yi baƙi, ya riga ya fara ruɓa, kuma babu takin da zai tashe shi.

Akwai wata dabara da ake yi a gaban idon mai saye. Reshen fulumeriya yana ajiye ruwa da abinci a jikinsa, don haka wanda aka yanko da kan furensa zai iya ci gaba da buɗe fure ko da ba shi da saiwa ko ɗaya. Sai a soka shi a baƙar leda da safe, a danne ƙasa, a yayyafa ruwa, a sayar da shi a farashin dashen da ya kama. Mai saye ya ɗan girgiza gindin. Wanda ya yi saiwa ba ya juyawa a cikin ƙasa, kuma sau da yawa ana ganin fararen jijiyoyi ta hudar ledar. Haka nan idan aka nuna maka itaciya ɗaya mai fure launi uku, ka nemi wurin auren. Ana yi wa fulumeriya aure kamar yadda ake yi wa mangwaro, kuma mahaɗin yana barin tabo a fili. Inda babu tabo, a duba wuyan furen da kyau, don ana maƙala shi da tsinken sakace ko siririyar waya.

Batun "daga waje aka shigo da shi" ma abin tambaya ne. Shigo da iri ko tsiro Nijeriya yana buƙatar izinin hukumar NAQS mai kula da killace kayan gona, tare da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito, kuma mai sana'a ta gaskiya ba zai fusata don an tambaye shi waɗannan takardu ba. Dalilin dokar a fili yake, ganin cewa ta cikin ƙunshin iri ciyawa mai mamaye gona da cututtukan shuka suke tsallaka iyaka. A 2020, lokacin da mutane da yawa a Amurka suka riƙa samun ƙunshin irin da ba su yi oda ba daga Sin, umarnin da ma'aikatar gona ta ƙasar ta bayar shi ne kada a shuka.

Wanda ya riga ya dasa abin da aka aiko masa, ya kuma ga tsiron da bai gane ba, kada ya ɗanɗana ganyensa, kada ya bar yara ko awaki kusa da shi. Dangin fulumeriya sun haɗa da kariya, wadda aka san ana amfani da ruwanta wajen dafin kibiya. A jira tsiron ya yi ganye sosai, a ɗauki hoton ganyen gaba da baya, da karan, da furen idan ya fito, sannan a gwada manhaja irin PlantNet. Amsar manhaja hasashe ce, kuma a ganina tsohon mai lambu ko manomin unguwa ya fi ta sanin tsirran ƙasarmu. Idan abin ya ci tura, akwai ɗakin adana samfurin tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da kuma na cibiyar binciken gandun daji ta FRIN a Ibadan.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a daina cinikin biri a sama. A je wurin itaciyar da ake ganin furenta, a gidan maƙwabci ko a lambun bakin titi, a yanko reshe lafiyayye mai tsawon kamar santimita 30 zuwa 45 a gaban idonka, domin reshe, saɓanin iri, launin uwarsa yake bayarwa. A cire ganyen, a ajiye shi a inuwa mako ɗaya ko biyu har bakin yankan ya bushe, sannan a dasa a ƙasa mai yashi da ba ta riƙe ruwa, a wurin da rana take samu. A shayar sau ɗaya, a ƙyale shi har sai sabon ganye ya buɗe, abin da yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu. Sanin wannan yana da amfani ko a wajen jayayya, domin uzurin da mayaudari ya fi fakewa da shi shi ne cewa mai saye ne ya kashe dashen da yawan ruwa.

Wanda kuɗinsa ya riga ya fita, ya adana hoton tallan, da saƙonnin da suka yi musaya, da shaidar tura kuɗin, da sunan asusun da ya karɓa, kafin a goge shafin. Ya sanar da bankinsa a rubuce ba tare da ɓata lokaci ba, ya kai ƙorafi ga 'yan sanda ko hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, sannan ya shaida wa shugabannin zauren da ya ga tallan domin su cire shi.